Mohanlal da Tukunyar da Ba Ta Taɓa Nama Ba

Da hantsin Talata wayata ta yi ƙara. Rajesh ne, babban ɗan Mohanlal. Ya ce da Turanci, "Kawu Ishaya, Baba ya tafi."

Mohanlal Bamarwari ne, daga 'yan kasuwar nan na Indiya da suka bazu a duniya. Ya yi shekaru yana sayar da atamfa a Kano kafin ya dawo New York, inda 'yan tebur na 125th Street ke sari a wurinsa. Can na fara jin Hausarsa, yana ce wa wani Bazabarme, "Haba maigida, wannan yadin ko surukarka ba za ta kushe shi ba."

Da matata Rifkatu ta rasu, 'ya'yana suna nesa, ƙafafuna kuma suka ƙi. Sai in yi mako a ɗakina da ke saman bene a titin Grand Concourse ban buɗe baki da kowa ba. Mohanlal ya fara hawo jirgin ƙasa daga unguwar Queens kowace Alhamis, da kular wake da gurasa. In na ce na ƙoshi, sai ya ƙara min. Yakan ce, "A wurinmu, a'a ta farko gaisuwa ce kawai."

Gidansu ba a cin nama, ba a cin ƙwai. Na san haka, amma ban san zurfin abin ba. Wata Alhamis na so in rama alheri, na yi miyar taushe, na tsame naman tas kafin ya iso. Ya ɗaga cokali, ya shinshina, ya ajiye.

Ya ce, "Malam Ishaya, ka fitar da naman, amma saniyar tana ciki."

Ban yi dariya ba. Na ga yadda ya wanke hannunsa har sau biyu, ya tafi da wuri. Mako guda ina ganin na kori mutum ɗaya tak da ke ƙwanƙwasa min ƙofa.

Alhamis ta zo, sai ga shi da sabuwar tukunya a leda. Ya ce, "Wannan tawa ce, a gidanka za ta zauna. In ta ga nama, zan kai ka ƙara wajen Rifkatu." Shekara shida muna dafa kabewa da alayyaho a cikinta, yana kushe gishirina.

Ban iya zuwa wurin ƙona gawarsa da aka yi bisa al'adarsu ba. Ran kwana goma sha biyu suka aiko mota ta ɗauke ni. Gidan cike yake, ƙanne da matansu da jikoki duk a rufi ɗaya, kamar gidajenmu na da. Dattawa suka naɗa wa Rajesh rawani, alamar shi ne uban gida yanzu. Da aka gama ya zo ya taɓa ƙafafuna don girmamawa, ya ce da Turanci, a wurinsu ɗa yakan gaji abokan ubansa tare da kanti. Ya ce zai riƙa zuwa, amma ba ya jin Hausa. Na ce ya zo, zan koya masa.

Addininmu ba ɗaya ba ne, amma Ubangiji ya ga matakalar da wannan bawa ya yi ta hawa domina. Allah ya yi masa jinƙai. Allah ya ta'azantar da matarsa Kamala, ya riƙe Rajesh da ƙannensa a kan zumunci, ya ba su mai tuna su ranar da ƙarfi ya ƙare. Amin.