Takardar Rogo

'Ya'yana, ni mai tuwo ce a Obiyagu, cikin Inugu, tun Turawa na mulki. Mahauta da fatake duk a bukkata suke ci. Ina jin Ibo, shi ya sa kowa zai yi ciniki da 'yan gari sai ya ce in raka shi. Da wannan yardar na cuci mutane.

Bayan gari akwai kurmin gwamnati, an kewaye shi da turakun siminti. Gwamnati takan ba talaka takarda mai hatimi ya shuka rogo tsakanin ƙananan itatuwa. Noma kawai, ba a gini. Wani dillali mai cin tuwona ya nuna min irinta, ya ce mutanenmu hatimi suke kallo, ba sa karanta boko. Na sayar wa mutum ɗaya a matsayin takardar fili, ba abin da ya faru. Sai na zarce.

Na ƙarshe Malam Sule mahauci ne, mai kirana Yaya. Ya tambaye ni turakun nan na mene ne, na ce na ɗaure awaki ne, har muka yi dariya. Ya yi ɗaki biyu, ya sa kwano, ya aika Kano a kawo iyalinsa. Suna hanya ma'aikatan daji suka rushe ginin. A kotu bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Yaya, da hannunki kika dangwala min yatsa."

Shekara uku na yi a kurkuku. Wata gandiroba, 'yar Anacha, ta ce da ni tsohuwar ɓarauniyar da ba ta san me take sayarwa ba. Haushi ya sa na ce ta koya min karatu. Da gawayi na fara, ina da jika a lokacin. Na fito bayan an sauke tutar Turawa, ina haɗa baƙi, har Turancin takardun gwamnati ina tsinta.

Ba wanda ya dawo cin tuwona. Rannan na ga dillalin nan a bakin mahauta, ya shimfiɗa wa Malam Sule wata takarda, wai wannan ta gaske ce, zai share masa hawaye. Na fizge. Dillali ya ce, "Mama, yu sabi buk?" wai ko na iya karatu. Na karanta da ƙarfi, kalma kalma, na fassara: izinin rogo, damina biyu, ba gini. Kafin in kai ƙarshe dillali ya arce, ya bar takalminsa.

Na tuba ga Allah, na roƙi Malam Sule gafara a gaban jama'a. Washegari ya zo da kwanonsa, ya ce, "Yaya, a sa miya da yawa."

Ku yara, kada ku ci amanar mai kiranku Yaya. In za ku sayi fili, ku taka shi da ƙafarku, ku tambayi turke na waye, ku karanta takarda kafin ku dangwala. Wanda bai iya ba ya kawo min. Ina nan Obiyagu, da tabarauna.