Tsirkiyoyin jitar Yaya Mutari

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Mutari. Mutane kan ce shekaru gudu suke yi. Nawa dai ba su yi gudu ba, jan ƙafa suka yi, kamar jirgin ƙasan da ke mayar da mu Sevran, unguwarmu a nan Turai, da yamma, wanda sai ya tsaya a kowace tasha ko da babu mai sauka.

Waɗanda suka san shi a unguwar kasuwanci ta Goutte d'Or sun san shi a shagon Kawu Alhaji, yana ɗaure dilolin atamfa da shadda, baƙar riga a jikinsa, abin sauraro a kunnuwansa. Mutum ne mai sanyin murya, ba ya wuce dattijo bai rusuna ba. Shi ya sa ake mamakin abin da yake sauraro. Kiɗan metal ne, mai rugugi kamar aradu, wanda Inna ta laƙaba wa suna injin niƙa. Idan ya rufe ɗaki ya ɗauki jitarsa, sai ta leƙo kicin ta ce da ni, “Je ki gaya wa yayanki gero ya niƙu haka nan.” Ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa. Har yau ba ta kama ba.

Yana da aboki ɗaya a wannan harka, Lawali, ɗan garin Tawa, mai gyaran wutar lantarki a birnin Lyon. A layin shiga wani wasan kiɗa suka haɗu. Turawa masu dogon gashi sun yi cincirindo ana turereniya, sai Yaya ya ji wani a bayansa yana cewa a hankali, “Allah shi sa kar a take mu.” Ya waiwaya. Daga ranar nan ba su rabu ba, kuma daga ranar nan ba su taɓa yarda da juna ba.

Gardamarsu ɗaya ce tal. Ƙungiyar da suke so, ta wasu mutanen arewacin Turai, tana da makaɗan jita biyu, kuma su biyun sun raɗa musu sunayen Hausa: Dogo da Bahago. Dogo shi ne mai fitowa gaba, yatsunsa na gudu kan tsirkiya, jama'a na ihu. Bahago kuwa a gefen dandali yake tsayawa, kai a sunkuye, yana maimaita kiɗa mai nauyi wanda sauran suke takawa a kai. Kowannensu yana da aikin gefe ban da na ƙungiya. Dogo ya tara ƙwararru ya yi faifai uku na zallar gwaninta, ba waƙa. Bahago ya shige wani gidan katako a ƙauye ya yi faifai ɗaya da jitar da ba ta lantarki ba, a hankali, har ana jin ruwan sama yana dukan rufi.

Lawali na Dogo ne, Yaya na Bahago. Duk Lahadi bayan la'asar sai waya ta yi ƙara, ni kuma ina gefe da littattafan makaranta ina jin su, don Yaya a bayyane yake sa muryar.

“Mi Bahago ya iya? Abu guda shika ta bugawa kamar mai daka,” in ji Lawali.

“To ka cire mai daka ka ga ko za ka ci tuwo.”

“Faifan nan nashi na ƙauye, wallahi na sa shi ina tuƙi, saura kaɗan barci ya kai ni rami.”

“Naka gwanin fa? Faifai uku yana magana, har yau bai ce komai ba.”

“To, kai dai tsoho ne tun kana yaro.”

“Na ji. Ka gaida Lyon.”

A lokacin dariya nake musu. Na ɗauka wasa ne na samari. Sai daga baya na gane cewa kowannensu kansa yake karewa. Lawali ya bar gida da niyyar a san da shi. Yaya kuwa ɗan fari ne a gidan da uba ya riga ya rasu, aikinsa riƙe ƙasa don wasu su yi rawa a kai. Kuɗin jirgina na zuwa jami'a, takardun Inna na asibiti, cefanen sati, duk shi ne, kuma ba ka jin motsinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannun da ke ƙasa ba shi ake gani ba.

Ciwon bai ɗauki lokaci ba. Sanyi ne ya shiga ƙirjinsa a wani hunturu, kafin mu farga an kwantar da shi, kafin mu saba da hanyar asibitin an kira mu. Bai cika talatin ba.

Bayan addu'ar arba'in aka raba kayansa sadaka, yadda aka saba. Kaftanai da takalma sun tafi nan da nan. Baƙaƙen rigunan masu hoton ƙwarangwal kuwa ba wanda ya miƙo hannu, sai Kawu ya cusa su cikin wata dila mai zuwa gida. Bayan wata shida wani ɗan uwa ya turo mana hoto daga Damagaram: wani dattijo mai sayar da albasa, sanye da rigar ƙungiyar Dogo da Bahago, yana murmushi. Ran nan ne na fara jin dariyar Inna tun bayan rasuwar, dariyar da ta ƙare da kuka.

Jitar ce ta gagara. Lawali ya zo daga Lyon, ya durƙusa ya roƙi a ba shi ita, ya ce ba zai bari ta yi ƙura ba. Inna ba ta amince ba. Ta taɓa ji a wa'azi cewa abin da mutum ya bari ana amfani da shi yana bin sa har kabari, in alheri ne lada, in akasin haka ne nauyi. Wanda ya haƙa rijiya, duk wanda ya sha, ladan na isa gare shi. To wanda ya bar jita fa? Tsoronta ke nan: duk ranar da wani ya taɓa tsirkiyar nan, a rubuta wa ɗanta. Malamai da ta tambaya ba su yi baki ɗaya ba, wani ya tsananta, wani ya sassauta. Ba ta iya bayarwa, ba ta iya sayarwa, kuma da Kawu ya ce a fasa ta a huta, sai ta tashi ta bar masa falon. Aka ɗora jitar a kan kabad ɗin ɗakina cikin baƙar jakarta, nan ta zauna.

Shekara bakwai ina kwana ƙarƙashinta. Wani lokaci idan babbar mota ta wuce, sai in ji tsirkiyoyin sun yi wani ɗan amo a cikin jakar, kamar mai barci ya yi ajiyar zuciya. Na gaji da ita, in faɗi gaskiya. Na gaji da share mata ƙura, na gaji da yadda Inna ke ɗauke kai idan ta shigo ɗakin. Lawali kuwa duk shekara sai ya hau jirgi ya zo gaisuwa, don zumunta a ƙafa take. Ya ci shinkafa, ya yi addu'a, ya saci kallon ƙofar ɗakina, ya tafi. Bai sake roƙo ba.

A tsakanin nan duniyar kiɗan nasu ta juya. Dogo ya bar ƙungiyar, ya yi yawonsa, ya dawo. Bahago ciwon hannu ya kama shi, ya daina hawa dandali, aka ɗauko wani yaro ya maye gurbinsa. Nakan shiga shafukan masoyan ƙungiyar a intanet in karanta. Har yanzu gardamar nan ake yi, da harsuna iri-iri, wasu ma ba a haife su ba lokacin da aka fara ta. Wasu na cewa tun da Bahago ya tafi kiɗan ya zama gida ba tushe, wasu na cewa ba su ma lura ya tafi ba. Me Yaya zai ce? Ina jin ba zai rubuta komai ba. Zai kira Lyon ne ya ce, “Ka ji sabon faifan? Ina mai dakan?” Sa'an nan ya bar Lawali ya yi ta kame-kame.

Bana Inna ta yanke shawarar komawa Damagaram gaba ɗaya. Gwiwoyinta sun gaji da matakala, ita kuma ta gaji da sanyi. Na ce zan tafi da jitar duk inda na koma. Ta ce a'a, ba za ta ƙetare teku ta bar maganar ɗanta a rataye ba. Ta sa na kira Lawali.

Ya zo wata Lahadi da rana, furfura ta fara fito masa a gemu. Bayan doguwar gaisuwa Inna ta ce in sauko da ita. Na buɗe jakar a tsakiyar falo, tsakanin akwatunan da muka ɗaure.

“Lawali, mutanen nan biyu da kuke musu a kansu, wanne ne na abokinka?”

“Bahago, Inna. Wanda ba a jin shi sai ranar da ya daina.”

Ta jinjina kai, ta daɗe tana kallon jitar. Sa'an nan ta ce ya kwance mata tsirkiyoyin. Ya dube ni, na dube shi. Ya zauna a ƙasa ya kwance su ɗaya bayan ɗaya, sun yi tsatsa, ɗaya ma ta tsinke a hannunsa. Inna ta karɓa, ta naɗe su kamar zare, ta ƙulle a wani farin ƙyalle. Ta tura masa jitar da tafin hannu.

“Ɗauki. Allah ya sa ka ji daɗinta.”

Da ya tafi na bi ta kicin. Zuciyata ba ta so a bar ta cikin duhu, don na ɗauka ta zaci ta kashe muryar jitar har abada. Na ce, “Inna, kin san fa ana sayar da tsirkiya a kanti. Gobe ma zai iya sa sababbi.”

Ba ta juyo ba, tana ɗauraye kofi. “Ke, kin ɗauka ban taɓa ganin mai gurmi ba? Na sani. Amma waɗanda zai ɗaura, hannunsa ne zai ɗaura su, shi za a tambaya. Waɗanda yayanki ya ɗaura ga su nan a wurina, ba mai sake taɓa su.”

Ban san abin da malamai za su ce da wannan hukunci ba, kuma ban tambaya ba. Na dai san a makon nan Inna ta daina ɗauke kai idan ta wuce ɗakina.

Bayan tafiyarta na je Lyon. Lawali ya sa sababbin tsirkiyoyi. Ya ɗauki jitar a ɗan falonsa da ke kallon kogi, matarsa na jijjiga jariri, ya fara bugawa ba tare da ya haɗa ta da lasifika ba. Na jira in ji gudun yatsu irin na Dogo. Ba shi ya buga ba. Kiɗan Bahago ne, mai nauyi, abu guda yana ta maimaituwa, kansa a sunkuye. Da ya kai gaɓar da Dogo ke shigowa, bai shiga ba, ya ci gaba da riƙe ƙasan.

Na ce, “Yaya Lawali, ashe ka sauya sheƙa.”

“Ban sauya ba. Har gobe Dogo ya fi shi. Wanga dai ba wanda ya rage ya buga shi.”

Idan na auna abin da ya rage na Mutari, ba shi da yawa a ido. Riga a jikin mai albasa, ƙullin tsirkiya a ƙasan akwatin Inna, da gardamar da abokin yinta ya ƙi rufewa. Sai kuma mu, da ya riƙe wa ƙasa har muka tsaya da ƙafafunmu, ba mu ji shi ba sai da ya daina. Allah ya sauƙaƙa masa nauyin da Inna ta ji masa tsoro, ya rubuta masa ladan wanda ya ɗauka dominmu.