Rariyar Naziru ta Uku

Naziru ɗan Makoda ne. Ya yi kwaleji a Bici, ya dawo gida ya kama noman gyaɗa, da wata tsohuwar kwamfuta a shagonsa. A kanta ya buɗe wa ƙungiyar manoman garin akwatin imel nata na kanta, don masu saye su riƙa samunsu ba sai ta hannun dillali ba. Kafin wata ya zagayo saƙonnin banza sun cika shi maƙil, daga masu tallan magani sai 'yan damfara.

Sai ya kafa rariya uku na tace saƙonni. Ta farko tana korar adireshin da aka riga aka sani na macuta ne. Ta biyu tana ce wa baƙon saƙo ya je ya dawo, na kirki ya dawo, na banza ya bi iska. Ta ukun koyo take yi, duk saƙon da aka nuna mata shara ne, gobe in ta ga irinsa ta zubar.

Da kaka ta yi, aikin gona ya sha masa kai, ya danƙa wa Kamaruddeen kalmar sirrin akwatin, ya riƙa duba masa. Amininsa ne tun suna kiwon awaki, kuma mijin ƙanwarsa Hafsatu. Wa zai hana irin wannan mabuɗi?

Wani kamfanin man gyaɗa a Kano ya yi alkawarin kwashe amfanin ƙungiyar. Aka jira saƙonsu, shiru, har aka gaji aka sayar wa dillali a wulaƙance. Daga baya kamfanin ya ce ya yi ta aiko saƙonni babu amsa. Dattawa suka ce na'urar Naziru ce ta cinye saƙonnin, ya zama abin nuni a gari.

Da ya bincika, rariya biyun farko ba su da laifi. Ta ukun ce aka zauna aka koya wa cewa saƙon kamfanin shara ne, ɗaya bayan ɗaya. Dillalin kuwa kawun Kamaruddeen ne. Abin ya yi wa Naziru ciwo ƙwarai.

Da ya tari aminin nasa da maganar, ko kunya babu, Kamaruddeen ya ce, "Ai kai ka nuna mini inda ake dannawa. In ka ga dama ka faɗa wa dattawa, sai ka tanadar wa Hafsatu ɗaki."

Naziru bai faɗa ba, har yau laifin yana wuyansa. Rannan Hafsatu ta same shi a gona, ta ce, "Yaya, me muka yi maka ka daina shigowa gidanmu?"

Ya ce, "Aiki ne ya yi yawa." Ya sunkuya ya ci gaba da noma.