Motar da Na Raba Garba da Ita

Damina ashirin da huɗu ke nan da rasuwar aminina Garba direba. Ni dillalin mota ne a Kaura Namoda. Ban san adadin motocin da suka bi ta hannuna ba, amma ciniki ɗaya ne ke dawo mini duk lokacin da hadari ya taso.

Garba yana da tsohuwar Landiroba mai rufin tamfol. Ba kyau, ba gudu, in ka shiga da farar riga sai wanki. Amma ita kaɗai ke shiga ƙauyensu, can bayan Sakajiki, in rafi ya kawo. Mai naƙuda, wanda maciji ya sara, buhun gero, duk ita ce.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, aka ce a raba maza da mata a mota, sai Garba ya shiga damuwa. Bayan Landiroba benci biyu ne masu kallon juna, gwiwa na gugar gwiwa. Ya rataya tabarma a tsakiya, gargadar farko ta faɗo kan wata tsohuwa. Ba wanda ya tare shi a hanya. Zuciyarsa ce ba ta kwanta ba.

Lokacin ina da Fijo mai layi uku a ajiye. Na ce masa mata a baya, maza a gaba, magana ta ƙare. Ga laushi, ga gudu, ga mu da sabuwar jiha, kwalta na nan tafe har ƙofar gidansu.

Ya zagaya ta, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Dillali, wagga ai amarya ta. Ta san laka?"

Na ce, "Kafin laka ta zo an yi hanya."

Ban yi masa ƙarya ba, na yarda da abin da na faɗa. Muka yi musaya, ya karɓi Fijon. Landirobar kuwa wasu mutanen Nijar na sayar wa, ta bi ta Jangeru ta tafi.

Da rani Fijo ta cika alkawari. Da ruwa ya zauna sai ya ajiye ta wurina, ya taka ƙauye ya yi noma. Rannan da hantsi aka kawo labarin ciwon ciki ya kwantar da shi, an ɗora shi a amalanken shanu. Na ja Fijon da kaina har bakin rafi. Ruwan iya cinya ne, Landirobar ta sha ratsa wanda ya fi shi. Na kashe mota, na naɗe wando na shiga. Ina tsakiyar ruwa na hango amalanken can nesa. Sai amalanken ya tsaya. Mutane suka taru a kansa, sannan aka juya shanun aka koma ƙauye.

Da Garba zai leƙo yau, da ya tambaye ni kwaltar. Ba ta zo ba. Yanzu ma ba laka ke tare hanyar ba, tsoro ne. Ƙauyen ya watse, ko kabarinsa na kasa ziyarta.

Na san kwana ne ya ƙare. Matarsa ma haka ta ce mini, ba ta taɓa kallona da laifi ba. Abin da ya bar mini shi ne durƙuson nan: ba na ba kowa makulli sai na tambayi hanyar garinsu.

Fijon na nan a garejina, tayoyi sun sace. Masu sha'awar tsofaffin motoci kan taya, in ce musu ta wani ce. Allah ya jiƙan Garba. Har yau Fijon ba ta san laka ba.