Fangalin da Malam ya bar wa fure

Irin albasarmu daga Gidan Goga muka zo da shi. Ranar da 'yan bindiga suka tashe mu, Malam, maigidana, ya bar buhunan gero ya rungumo gorar iri. Na yi masa faɗa a hanya, ya ce gero ana saye a kasuwar Mafara, wannan kuwa na kakansa ne.

Da muka sami lambu a bakin ruwan Bakolori, kowace shekara yakan ware fangali ɗaya ya bar shi ya yi fure. Fari fat, ƙudan zuma na ta kuka a kai. Sauran fangulan kuwa, da kan furen ya fito sai a karye shi, don albasa ta yi girma. Kowane manomi haka yake yi.

Bara Malam ya juye gorar duka ya shuka. Bai ga furen ba. Allah ya jiƙansa.

Ina cikin takaba, ba na fita. Ƙaninsa da ke Bakura ya karɓi ban ruwa. Sau biyu ina aika masa: fangalin gindin zogale na iri ne, kada a taɓa.

Rannan ya shigo yana fara'a, hannunsa na warin lawashi.

"Yaya, yau na yi maki aiki! Kai ko ɗaya ban bari ba, duk na kakkarye."

Na ce, "Har na gindin zogale?"

"Shi ne ma ya fi lalacewa. Kin ga yadda aka bar shi kamar gonar marayu?"

"To ai ta marayun ce yanzu! Saƙona bai iske ka ba?"

Ya sosa ƙeya. "Na ɗauka zancen mai baƙin ciki ne. Haba Yaya, iri ai ga shi nan cike da kasuwa."

Cike da kasuwa! Kakansa ne fa shi ma. Abin da 'yan bindiga ba su raba mu da shi ba, ɗan'uwa ya gama da shi da yatsa biyu, yana jiran in ce sannu.

Albasa ta yi kyau, mutane suna ta yabonsa. Ya kawo mini kwando guda, na ce ya mayar. Da na fita takaba na karɓe lambuna.

Gorar tana rataye inda Malam ya bar ta. Ƙanin nasa ya sayo iri zai zuba mini a ciki, na ce ya taɓa ta ya gani.