Yaya Alka Kashe-Kowa da Tumakina Tara

Ranar sadakar arba'in ɗin Yaya Alka, bayan baƙi sun watse da la'asar, mu biyar munka rage: ni, da matarsa Kulu, tana zaune bakin ɗaki cikin takaba, da autarsa Hajara, wadda ta zo daga Yamai inda take karatu, da ɗana Sale mai kabu-kabu, sai Mamman mai amalanke, wanda ba danginmu ba ne, amma ba a taɓa kwashe tuwo a gidan nan ba ya kusa ba. Buzun Yaya yana shimfiɗe cikin rumfa inda ya bar shi. Ba wanda ya hau.

Ni kuwa da magana a cikina. Sale ya matsa mani in sayar da tumakina tara da gonar fadamar da na gada wurin babanmu, ya sayi wata tsohuwar mota ya riƙa jigila tsakanin Konni da Illela. Mai motar ya ba shi zuwa ranar kasuwa, saura kwana uku. Shekara arba'in ko kaza ban sayar ba sai na tambayi Yaya. Ga magana mafi girma ta zo, ga buzu ba kowa.

Ku da kunka san shi kun san yadda yake fara shawara. Bai taɓa shiga lakwal ya yi boko ba, amma daga Bazaga har Alela duk wanda ya samu ɗan abin hannu wurinsa yake kawo kai. Za ka zauna ka zayyana masa shirinka, yana sakace haƙori. Kana gamawa sai ya ce, "To, madalla. A ce ka mutu gobe." Haka nan, ba ko Allah ya kiyaye! In ka tsallake wannan, ya kashe jakinka, ya ƙone rumbunka, ya kwantar da matarka asibitin Galmi wata biyu, sannan ya ce, "Yanzu mi ya rage? Da shi za mu yi lissafi." Abin da ya sa anka sa masa Kashe-Kowa ke nan.

Mamman ne ya fara dariya ranar, shi kaɗai, yana kallon buzun. Ya ce, "Gwaggo Hassi, kin tuna jakina?"

Wa zai manta? Ya zo neman shawara zai ƙara amalanke na biyu, Yaya ya ce a ce jakin farko ya mutu. Kwana uku jaki ya faɗi a hanyar rijiya. Mamman ya shigo gidan nan da sanda yana kumfa: "Alka, ka ci mani jaki da bakinka!"

Yaya ko tashi bai yi ba. Ya ce, "Ban kashe shi ba, Mamman, na dai riga kowa yi maka gaisuwa. Kuɗin da na hana ka taɓawa suna nan?"

"Suna nan."

"To, tafi ka sayo jaki, ka bar ni in ci gorona."

Tun daga ranar, mai zuwa shawara can bayan masallaci yake ɗaure jakinsa, kada Yaya ya gan shi.

Sale ya ga dariya ta sassauta ni, sai ya saka tasa. "Inna, ga 'yar boko nan. Abin da Kawu yake yi kan buzu shi take karantawa kan kujera. Tambaye ta mana, ta gaya maki mota arziki ce."

Na dubi yarinyar sama da ƙasa. Ni ban yarda da takarda ba, ban kuma ɓoye ba. Na ce, "Ke, mi ake koya maku can da har za ki ba mutum shawara kan dukiyarsa?"

Ta ce kafin a ba mutum takardar shaidar wannan aiki sai ya ci jarrabawa, ita ma tata saura wata biyu. Ta shiga ƙirgawa da yatsu: sanin abin da ke shiga gida da abin da ke fita, ajiya saboda ranar tsiya, yadda ake raba jari kada ya taru wuri guda, haraji, tanadin tsufa, rabon gado, da riƙon amana.

Na ce, "Shi ke nan? Don wannan anka kai ki Yamai? Ai da kin zauna bayan rumbun ubanki."

Don rumbunsa uku ne, kun sani. Ɗaya na ci, ɗaya na iri, na ukun kuwa ya liƙe bakinsa da laka, ya ce na baƙon da ba a gayyata ba ne. Ranar sunan jikansa na fari hatsi ya kasa, Kulu ta roƙe shi har da kuka ya buɗe. Ya ce, "Wanga jariri wata tara yana aiko da saƙon zuwansa. Ba shi ne baƙon ba." Aka yi suna da kunu tsararo, gari ya yi shekara yana zaginsa. Sai ga shekarar fara. Kun ga abin da munka gani, ba sai na faɗa ba. Mata suna tonon gidan tururuwa. Ran nan ya fasa lakar. Amma fa bai auna wa kowa tiya ɗaya ba sai mutum ya tsaya gabansa ya ce da ƙarfi, "Alka ba mahaukaci ba ne." Har ni, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya! Na faɗa can ƙasa-ƙasa, ya kama kunne ya ce, "Hassi, tsufa ya taɓa mani ji. Ƙara."

Kulu ta yi dariya daga bakin ɗaki har ta rufe fuska da mayafi. Ta ce, "Ba ki faɗi na gawa ba."

Kai, na gawa! Shekara uku kafin rasuwarsa ya tara 'ya'yansa da liman, ya miƙe kan tabarma, ya ja farin zane har ka, ya ce a raba gadonsa yana ji, don ba ya son a yi masa abin kunya yana kabari ba bakin magana. Liman ya ce bai taɓa ganin haka a littafi ba, amma ya fara. Komi ya tafi daidai har anka zo kan jar saniya. Manyan 'ya'yansa biyu sunka miƙe, wannan ya ce shi ya yi kiwonta, wancan ya ce da kuɗin cin raninsa anka saye ta. Sai gawa ta yaye zane ta zauna. "Na ji ku, 'yan banza! Liman, gobe a kai ta kasuwa." Ya sayar da ita, ya biya harajin gidan na shekarar tun mai gari bai aiko ba, sauran ya sa aka sake rufin ɗakin Kulu. Da ya rasu da gaske, rabon bai kai tsawon sallar azahar ba, ko murya ba wanda ya ɗaga.

Munka yi dariya har ta ƙare. Sale ya ce, "To Hajara, faɗi mana. Mota ko tumaki?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Can ta ce, "Gwaggo, kada ki tambaye ni wagga magana."

"Don mi? Karatun bai kai nan ba?"

"Ya kai. Amma Yaya Sale ya yi mani alkawari, in motar ta samu shi zai biya mani kuɗin jarrabawa. Duk abin da na gaya maki, da rabona a ciki. An koya mana mai ba da shawara in yana da rabo cikin abu, sai ya faɗa tun ba a tambaye shi ba."

Sale ya dafe kai. "Taubashiyar banza! Wa ya aike ki? Wallahi da akuya na yi wa alkawarin nan da ta fi ki rufa asiri!"

Ni kuwa sai wani abu ya faɗo mani wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Shekarar da mijina ya rasu, Yaya ya ce in sa abin da mijin ya bar mani cikin tunkiya, har ya san wata mai albarka wurin wani Bafillace, shi zai yi mani ciniki. Aka kawo ta da ido ɗaya. Sai bayan wata shida na gane tasa ce, ya rasa mai saye! Na same shi kan buzun nan na ce, "Yaya, ni za ka yi wa haka?" Ya ce, "Hassi, da ido take haihuwa?" Tagwaye ta yi ta zubawa har ta tsufa, tumakina tara duk jikokinta ne. Amma bai faɗa mani tasa ce ba tun farko, kuma har ya koma ga Allah ina riƙe da abin a raina.

Na ba su labarin, sunka fashe da dariya. Ni ma na fara, sai idona ya faɗa kan buzun. Ina son Yaya ya ɗago ya kama kunne ya ce in ƙara. Ina son ya kashe ni da bakinsa sau ɗaya tak, in zage shi, in tafi gida da hankalina kwance.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Tunkiya na yafe, duniya da lahira. Yadda ka buɗe mana rumbu ranar da ba mu da kowa, Allah ya buɗe maka ƙofar rahamarsa, kada ya sa ka maimaita komi kafin ya auna maka.

Washegari da hantsi na shiga garke na zaɓi wadda ta fi ƙiba, na sa mata igiya, na ja ta da kaina har ƙofar ɗakin Hajara. Ta fito tana goge hannu.

Na ce, "Ga kuɗin jarrabawarki nan da ƙafa huɗu. Yanzu ba ki da rabo cikin motar kowa. Kawo tabarma."

Ta shimfiɗa. Na zauna na faɗa mata duk abin da na mallaka, har 'yan kunnen da ke ƙasan tukunya waɗanda Sale bai san da su ba. Ta saurara har na gama, ta tambaye ni abin da nake ci a wata, da wanda zai yi jinyata in na kwanta. Sannan ta ce, "Gwaggo, tumaki uku kina iya ba Yaya Sale, in ya samu abokin tarayya, a rubuta gaban shaidu. Gonar kuwa ita ce tsufanki. Ba ta sayarwa ba ce."

Na ce, "Tashi ki kira shi. Ki faɗa masa da bakinki, ina zaune."