Fitilar Akori-Kura

Motar ba tawa ba ce. Ta wani Alhaji ce mai sayen bandar kifi a Haɗeja, ni direba ne kawai. Kafin tuƙi na yi kiwo, ciwo ya cinye shanun. Na yi noman shinkafa a fadama, ruwa ya kwashe. Da na kama sitiyari sai na riƙe shi da hannu biyu, don na san babu wani abu a gaba.

Aikina shi ne in fita kafin asuba, in bi hanyar Auyo zuwa bakin ruwa inda masunta ke jira da kwalaye, in dawo kafin kasuwa ta cika. Tafiyar duk a duhu take farawa. A shekarar da nake magana, fitilar motar ta yi rauni. Haka na faɗa wa kowa, haka kuma na gaskata. Wata safiya na gogi amalanken shanu da ke tsaye a gefen hanya. Ba wanda ya ji ciwo, amma madubi ya tafi. Alhaji ya kira ni ƙofar gidansa.

"Malam, ba na son magana mai tsawo," in ji shi. "A gyara fitila. In aka gyara aka sake, ka kawo mini makulli."

Na ce to.

Rewaya ɗin da nake kai wa gyaran wutar mota Babarbare ne, sa'ana, rumfarsa na bayan injin casar shinkafa. Ni Bafillace ne, saboda haka ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Da ya hango ni sai ya ɗaga murya.

"Ga bawana nan! Yau me ka kashe?"

"Ubangidanka ne ya zo. Tashi ka duba fitila."

Ya buɗe bonet, ya ja wayoyin da yatsa, robar jikinsu tana marmashewa. Ya ce wutar tana zagayawa ta tsohon makunnin da ke jikin sitiyari, kafin ta iso ƙwan fitila ta gaji. Maganinsa rile. Ya nuna mini, wani ɗan baƙin abu kamar kwalin ashana, da ƙafafu a ƙasa. Ya ce shi zai ɗauko wuta kai tsaye daga batir ya miƙa wa fitila, makunnin sitiyari kuwa umarni kawai zai riƙa ba shi. Ban gane duka ba. Na gane dai za a ƙara haske.

Ya ɗaura. Ya sa sabuwar waya mai kauri, ya sa fis kusa da batir. A rumfar ta kama.

Washegari, bayan na wuce kwalbatin da ruwa ya ci gefensa, motar ta faɗa rami, fitila ta mutu gaba ɗaya. Hagu ruwa, dama ruwa da ciyawar kachala. Na taka birki ina salati. Da motar ta girgiza ta tsaya, sai hasken ya dawo. Haka muka yi har bakin ruwa, rami ya kashe, rami ya kunna. Daga ƙarshe na tsaya na jira gari ya waye. Masunta suka gaji da jira, suka sayar wa wani rabin kifin.

Ban bi ta gidan Alhaji ba. Na wuce rumfa.

"Abinka ya fi na da lalacewa," na ce masa.

"Ba abina ba ne. Ku Fulani komai kuka taɓa sai ya koyi gudu daji."

Amma bai yi dariya sosai ba. Ya ciro fis ya ɗaga shi a rana, lafiyarsa lau. Ya ce in kunna. Na kunna, ya kara kunne. Rile ɗin ya yi ƙas. Ya ce to umarni yana isowa, ke nan ba makunni ba ne. Ya ɗauko ƙwan gwajinsa, wani ƙaramin ƙwai da ya ɗaure wa waya biyu, ya taɓa ƙafar da ke shigo da wuta, ya kama. Ya taɓa wadda ke fitarwa, ya kama. Ya bi waya har bayan fitila, wuta tana nan. Fitilar kuwa shiru. Ya cire rile ya sa wani duk da haka. Shiru. Ya canza ƙwai. Shiru.

Rana ta take. Injin shinkafa yana ta ruri, ƙaiƙayi yana sauka a wuyanmu. Muka yi azahar muka dawo. Ya zauna a kan tsohuwar taya yana kallon motar kamar ta ci masa mutunci.

Ni kuma na gaji da tsayuwa, na jingina da fenda, wato ƙarfen da ke rufe saman tayar gaba. Sai ya yi tsalle.

"Kada ka motsa!"

Fitila ta kama. Ya ce in ɗaga jikina. Na ɗaga, ta mutu. Na sake jingina, ta kama.

"Shi ke nan, an samu magani," in ji shi. "Sai a ɗaure ka a nan, wani ya tuƙa."

Ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe, ya fito yana girgiza kai. Wutar mota, in ji shi, sai ta koma batir ta jikin ƙarfe kafin ta yi aiki, shi ya sa ake ɗaure waya ɗaya a jikin mota. Shi kuwa a jikin fenda ya ɗaure ta, don nan ne kusa. Bai san fendar ba ta haɗe da motar ba. Tun shekarar da muka yi ta ratsa ambaliya, tsatsa ta cinye notocinta. Ni na ɗaure ta da robar tsohon tif na taya, na cusa guntun itace a tsakani don ta daina ƙara. Duk direban hanyar fadama haka yake yi. In rami ya matse ta, ta taɓa ƙarfe, wuta ta wuce. In ya sake ta, duhu.

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Me ya hana ka tambaya?"

Ya kwance wayar, ya ƙara mata tsawo, ya kai ta jikin shasi, wato babban ƙarfen da ke ɗauke da motar. Ya kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure da sabon noti, ya shafe da giris saboda ruwa. Ya hau fendar ya yi ta tsalle. Fitila ba ta ƙifta ba.

Ya ce in jira magariba a daidaita ta a bango. Muka yi salla, aka kashe injin shinkafa, wuri ya yi tsit. Na juya motar ta fuskanci bangon injin daga nesa, na kunna. Masu dako da ke zaune a wurin suka kare fuska da hannu. Ɗaya ya ce, "Kai, direba, za ka makantar da mu!"

Ni abin da na gani farin hayaƙi ne. Ya fi na da fari, amma hayaƙi ne. Bangon yana can ciki kamar ana kallonsa ta ƙarƙashin ruwan gulbi.

"Ƙara ɗaga ta," na ce.

Ya ɗaga.

"Har yanzu da saura. Ko ƙwan ne ba mai kyau ba?"

Ya zagayo ya tsaya a bakin tagata, ya dafa ƙofa. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda masu dako ba za su ji ba.

"Ka ga akuyar can a gindin bango?"

Na duba. Akwai wani abu baƙi.

"Na gan ta."

"Turmi ne," in ji shi. "Tun safe yake nan."

Na kashe fitila. Bai kira ni bawa ba, bai ce komai a kan Fulani ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Waya ta gyaru, ɗan'uwa," ya ce daga baya. "Iyakar nawa ke nan."

"Za ka gaya wa Alhaji?"

"Ni rewaya ne. In ya tambaye ni fitila, zan ce ta gyaru."

Na koma gida. Matata ta kawo tuwo, na ci kaɗan. Na yi tunanin in ci gaba. Na san hanyar Auyo rami da rami, zan iya binta ido rufe. Amma ramuka ba sa tafiya. Mata masu kai nono suna tafiya a gefen hanyar nan da asuba, masu babur suna fitowa daga gonaki ba fitila. Turmin nan bai bar ni na yi barci ba.

Da safe ban je bakin ruwa ba. Na kai motar ƙofar gidan Alhaji, na miƙa masa makulli.

"An sake ne?"

"Ba a sake ba. Fitila ta gyaru. Idona ne."

Ya juya makullin a hannunsa. Ya ce Allah ya sawwaƙe, na ce amin. Ya ce in riƙa leƙowa. Ban leƙa ba.

A asibiti suka ce yanar ido ce a duka biyun, za a iya cirewa. Suka ce in dawo. Na koma, aka ce in sake dawowa. Ina nan ina komawa.

Yanzu ina ɗinke bakin buhuna a injin shinkafar nan. Aikin hannu ne, ba ya neman ido sosai. Rumfar Babarbaren tana bayana, ya koma zagina kamar da, na gode masa. Motar takan wuce da hantsi ɗauke da kifi. Ba na ganin wanda ke ciki, amma ina gane ta da ƙarar fenda, don har yau robata ce a jiki. An ce sabon direban yana yabon fitilar a tasha, wai duk hanyar Auyo babu mai haskenta.